Madanni Mai Maƙalewa

Siddiƙa ta ɗora yatsunta kan fiyano ke nan ta hango farin rawani a layin gaba. Babanta ne, Malam Abdulkarim.

Ce masa ta yi kowace Asabar wajen gwaggonta take zuwa a Gyallesu. Ga ta kuwa a zauren taro na Tudun Wada, masu gogen Turawa sun kewaye ta. Mutumin da ya yi karatu a Alƙahira, wanda ko rediyo ba a ƙure wa murya a gidansa! Yau ita da fiyano sun rabu, shi kuma ba zai ƙara yarda da maganarta ba.

Mista Nnamdi, jagoran makaɗan, ya ɗaga sanda, alamar a fara. Babu hanyar gudu.

Ta fara kaɗawa. Fiyanon tsoho ne, wani ya bar wa mahaifin Nnamdi ajiya tun da daɗewa, kuma akwai madanni ɗaya a hagu da ke maƙalewa. Yau ma ya maƙale. Ta saci kallo, ta ga Malam ya runtse ido kamar an taka shi.

Kashin farko na kiɗan ya ƙare. Zaure ya ɗauki tafi, duk da Nnamdi ya roƙa a bari sai ƙarshe, don haka ake yi a irin wannan kiɗa. Malam kaɗai bai tafa ba. Yatsunsa dai na ta motsi a kan gwiwa. Istigfari yake ja, in ji zuciyarta, ga shi ko carbi bai riƙe ba.

Yadda ta kai ƙarshe, Allah kaɗai ya sani.

Jama'a na watsewa Malam ya hawo dandamali. Masu goge suka dare. Siddiƙa ta durƙusa.

"Baba, don Allah ku yi haƙuri..."

Ya miƙo hannu. Ta rufe ido tana jiran mari.

Sai ta ji sauti ɗaya, tas, daga madannin nan na hagu.

"Ta gefe ake danna shi," in ji Malam. "Tun ranar da na saye shi a Alƙahira haka yake."