Wuƙar albasa a jakar makaranta

Ina aji huɗu a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, Baba ya tsinci wuƙar Inna a jakata, tana warin albasa. Direba ne a unguwar Abhur, nesa da gida, sai Juma'a muke ganinsa. Ya zane ni da bel, yana haki: "So kake a tasa ƙeyarmu duka zuwa Nijar? Halas, ya isa, kada in ƙara gani!"

Na yi ta jira ya tambaye ni wa nake tsoro, in gaya masa yaran da ke tare ni a bayan masallaci. Bai tambaya ba. Inna ta karɓi wuƙarta ta koma girki.

Ban sake ɗaukar makami ba. Amma tun ranar ban ƙara gaya wa kowa ina jin tsoro ba, ko matata.