Sunan Ɗan Fari

"Goge wannan ma," in ji tsohon direban, ya tura wa mai gyaran waya wayarsa.

"Haba Baba! Tun safe kake zaɓen manhajar koyon Italiyanci kamar mai sayen ragon layya. Italiyancin dai ɗaya ne, kuma jibi jirginka zai tashi."

Tsohon ya miƙe, ya leƙa titin Yantala, ya dawo ya zauna. Ɗansa yana kwance a asibiti a Italiya, ba ya iya magana, kuma babu mai tarbarsa a can. Manhajar farko sunayen dabbobi take koyarwa, ta biyu kuwa sauri gare ta. Ta ukun da mai gyaran ya saka masa ce ta dace, don tana bayani da irin Faransancin da ya tsinta a tasha. Sai dai ta kafe a jimla guda, ba ta wucewa sai an cika ta da baki: "Na zo ganin ɗana, sunansa..."

Ɗan fari ne. Saboda kunya, bai taɓa faɗin sunan ba, "yaron nan" kawai yake cewa.

"Can fa ba wanda ya san 'yaron nan', Baba."

Tsohon ya karɓi wayar, ya juya baya, ya raɗa sunan.

"Ban ji ba, ɗaga murya," in ji wayar.

Ya ɗaga. Manhajar ta wuce darasi na gaba, shi kuwa yana nan tsaye yana ta maimaitawa.