Ƙwan da Na Wanke

Kakata tana kiwon kaji a gonar dabino a Awali, nan Madina. Wata la'asar na ga ƙwai tara da kazarta ke kwanci a kai, kowanne da zanen gawayi. Ni kuwa ba na son datti. Na kori kazar, na wanke su da sabulu, na jera, sannan na kira Kaka.

Ta ce, "Maigidana, da gawayin nake gane na kwanci. Wankakken ƙwai kuma da wuya ya ƙyanƙyashe."

Na fashe da kuka. Ta miƙo mini gawayi. "Yalla, maza zana mu mayar wa kazar."

Har yau ina kewar muryarta. Cikin ƙwai taran nan 'yan tsaki uku suka fito, kowane baƙo sai ta nuna masa: "Kajin maigidana ne, da wankansu suka zo duniya."