Amsar Nhyira daga Landan

"Anti Afrakoma, izininki na zaman dindindin a Landan ya mutu," in ji lauya. "Shekara goma sha biyu kina Kumasi! Sai fa in 'yarki ta shaida kina da jini a Landan."

Jinyar mahaifiyarta ce ta dawo da Afrakoma gida. Mijinta ya riƙe 'yarsu Nhyira a Landan tana ƙarama, ya canja lambar waya.

"To, ta amsa wasiƙarka?" in ji Afrakoma.

Lauya ya sunkuyar da kai, ya karanta: "Ku ji tsoron Allah, 'yan damfara. Mamata ta rasu, ga hoton jana'izarta da Baba ya ba ni."

Afrakoma ta dubi hoton, ta gane akwatin gawar, na tata mahaifiyar ne. Ga ta nan ita ma a gefe, cikin jan zanen makoki, ta rufe fuska tana kuka.