Wayar Tsakanin Sada da Jibril

Lamidi ya sauko daga tsani yana kakkaɓe yanar gizo daga rigarsa. Ya duba rufin shagon Sada, ya duba na Jibril, bai ga wata ɓarna ba. A ransa addu'a yake Allah ya sa ɓera ne ya ci wayar.

Shaguna uku ne a jere a layin 'yan hatsi na Funtuwa. Na tsakiya na marigayi Alhaji Maiwada ne, na dama na babban ɗansa Sada, na hagu na ƙaramin, Jibril. Sito ɗaya suke zuba masara, don haka kowa yana buƙatar ganin abin da ɗan'uwansa ya shigar ko ya fitar a kwamfuta.

Lamidi, Bayarabe haifaffen garin, shi ya haɗa musu kwamfutocin shekarun baya. Tsawa ta ƙona musu akwatin raba waya har sau biyu, sai ya ce a bar akwatin. Ya ja waya daga ta uba zuwa ta kowane ɗa, ya ja ta uku tsakanin 'ya'yan. Tsohon kaɗai ya tsaya ya saurari bayani: in waya ɗaya ta tsinke, saƙo zai zaga ta kwamfuta ta uku, kamar manomin da rafi ya tare ya bi ta gada. Alhaji ya yi tambayoyi da yawa. Sannan ya ce kada wayar yaran ta bi ta rufinsa, akwai ɓeraye, a sauko da ita ta bayan kabad ɗinsa.

Sada da Jibril ba sa ga maciji tun wata rigima kan gonar Maska. Amma duk layin ya san ba a fara ciniki a shagunan nan sai tsoho ya iso, su biyun sun zauna gabansa sun sha koko, sun yi maganar farashi ko da a daƙile, sannan ya kunna kwamfutarsa kowa ya koma bakin aiki.

Bayan sadakar bakwai Sada ya kira Lamidi.

"Ka gyara mana ta yi aiki ba sai an kunna ta Baba ba."

"Ai dama haka take, Sada. Ko an kashe ta tsakiya ku biyu kuna haɗe, sai fa in an yanke wayar tsakaninku."

Kafin ya rufe baki ya san ya yi ɓarna. Jibril, wanda ke jingine a ƙofa, ya yi wata dariya marar daɗi.

"Ashe! Yaya, shi ya sa in Baba ya tashi ba na ganin abin da ke fita daga sito."

"Ni za ka kalla ka faɗa wa haka? Wa ke kwana da almakashin ɗinkin buhu a aljihu?"

Maƙwabta suka fara leƙowa. Sada ya rantse in aka samu yankan a ɓangaren Jibril, yau za a raba sito, a ja bango a tsakiya, kowa ya kama gabansa har abada. Jibril ya ce ya yarda, kuma haka in a ɓangaren yayan aka samu. Suka juyo suna kallon Lamidi.

Shi ya sa ya daɗe a kan tsani. Ya san gidan nan tun yana yaro, ya ci tuwonsu, kuma ga shi a bakinsa rabuwarsu take. Ya sa na'urar gwaji a wannan baki, ya sa a wancan. Wayar a tsinke take, amma ba a dama ba, ba a hagu ba.

Aka buɗe shagon tsakiya. Buzun sallar tsohon na nan a shimfiɗe, kofuna uku a kife kan tire. Wayar ta shiga ta wani rami a bayan kabad, ba a ganin ta sai an buɗe.

Sada ya laluba aljihu ya fito da ɗan makullin kabad ɗin, ya buɗe.

A can ƙasan kabad ɗin bakunan wayar biyu suke kwance kusa da juna. Ba haƙorin ɓera ba ne, yankan wuƙa ne mai tsabta. An naɗe kowane baki da leda don kada danshi ya ci shi, har zanzaro ya yi gini a kai, ginin ya tsufa ya fara zuba.

Jibril ya buɗe baki zai yi zargi, sai idonsa ya sauka kan makullin. Guda ɗaya ne tak, kuma a gabansu aka kwance shi daga wuyan mahaifinsu ranar da za a yi masa wanka. Ba mai buɗe kabad ɗin nan sai tsohon da ke tara su shan koko kowace safiya.