Fatar Aro

Meshak yana karanta wa mahaifiyarsa Lai'atu labarin tsoron da zai tura gasa, ita kuwa tana ta tsaga citta a tsakar gida. Labarin wani likita ne da ya ɗinka dodo da fatar mutane.

"Ai wanda aka yi wa faci da fatar wani ba mutum ba ne, Mama. Shi ya sa na ƙona shi a ƙarshe."

Lai'atu ta ajiye wuƙa. Ta ɗan ja zani, sai ga faffaɗan tabo a cinyarta.

"Da ruwan zafi ya ƙona ka kana rarrafe, a kasuwar Kwoi likita ya sayo fatar bayanka?"

Meshak ya shafa bayansa, ya kasa ɗago kai.