Tsohuwar Kujerar Gaba

"Hajiya, don Allah ki rufa mana baki!"

Na faɗa da ƙarfi, har fasinjojin baya suka kwashe da dariya. Tun daga Tamale tsohuwar nan ta kujerar gaba take damuna. Ɗan wane gida ne ni a Zango? Wa ya koya mini tuƙi? In na yi shiru ta zungure ni, ta miƙo goro. Jajibirin Sallah ne, sawuna na uku ke nan ban kwanta ba, ga rana, ga surutunta.

Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma daina ba.

Da muka iso tashar Race Course, ta jira kowa ya sauka. Muryarta ta dishe, sai da na sunkuya kafin na ji ta.

"Ɗana, ni ba mai surutu ba ce. Sau huɗu idonka ya rufe kafin Kintampo. Ban so in tona maka asiri a gaban mutane ba."

Ta ɗauki ƙunshinta ta tafi. Ana ta kirana in shiga layin lodi, na kasa ɗaga kai. Na zare makullin mota, guntun goronta yana hannuna.